Maganar da Bature ya rubuta wa ɗanka

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga tambayarka kan abin da malamin ɗanka ya rubuta a bayan aikinsa, wai babi na uku shi ne "saving grace" ɗin aikin. Kada ku yanka rago tukuna. Yabo ne, amma ragowar babukan duk sun sha kashi.

Asalin maganar daga coci take. A wurin Kirista, alherin Ubangiji ne da yake tsamo mai zunubi daga halaka. Yau kuwa Baturen Ingila ya sauko da ita kasuwa: abu ya lalace ta ko'ina, sai wani hali guda ya rufa masa asiri. Gidan abinci mai tsada, ma'aikata ba fara'a, amma shayinsu da daɗi, to shayin nan ne. In ka ji kalmar, ka nemi laifin da ba a ambata ba, don mutanen nan ba sa faɗa maka a fuska cewa aikinka bai yi ba. Sai da na yi shekaru a nan birnin Mancesta na Ingila kafin kunnena ya saba da wannan.

Mu Hausawan nan mun fi jawo ta kan hunturu. A watan Disamba ana kiran Magariba kafin ƙarfe 4, gari ya yi duhu, ga yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Sai ka ji matanmu suna cewa abu ɗaya da ya ceci sanyin nan shi ne ramuwar azumi, har jira suke ya zo. Wanda ya yi Ramadan na 2016 a nan, da ya faɗo a Yuni muna kai wajen awa 18 ba ci ba sha, ya san dalili.

Yaranmu da aka haifa a nan kuwa ba ruwansu. 'Yata ta taɓa cewa kilishin da nake kawowa shi ne "saving grace" ɗin tafiyata gida. Wani dattijonmu ba ya son jin kalmar a bakin yara saboda tushenta. Ni ban ga aibu ba, yaran ba coci suke nufi ba.

Kada ka fassara ta da "da babu gara ba daɗi", wancan haƙuri ne da ɗan abin da aka samu. Ka ce wa yaron ya bar babi na uku yadda yake, ya koma kan sauran tun daga na ɗaya. A gaida Hajiya.