Katin bashi bayan suna ya ɓaci a banki

Malam, ka ce ka taɓa gaza biyan wani rance, yanzu kuma bankin da albashinka ke shiga ya yi maka tayin katin bashi, wato katin da za ka yi sayayya da kuɗin banki ka biya daga baya, kana son sanin ko karɓarsa zai wanke maka suna. Ni ma na shiga irin wannan hali a nan Legas, lokacin da kasuwa ta juya mini baya a Mile 12.

Kafin ka taɓa katin, nemi rahoton bashinka daga kamfanoni uku masu adana bayanan masu cin bashi da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisi, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry, domin dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Da na duba nawa, sai na tarar da wani rance da na riga na biya yana nan a rubuce kamar ban biya ba, kuma sai da na yi ta sintiri daga Agege har na karɓi takardar shaidar cewa ba a bina ko kwabo, sannan aka gyara. Idan da sauran tsohon bashi a kanka, shi za ka fara kashewa, saboda tun watan Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire kuɗinsa daga asusunka na wasu bankuna ta hanyar lambar BVN.

Shi kuwa katin, ni dokar da na kafa wa kaina ita ce ba na sayen komai da shi sai abin da kuɗinsa ke hannuna, kamar man mota da kuɗin wuta, sannan in biya duka kafin ranar da aka yanka. Biyan ɗan mafi ƙarancin abin da banki ya nema tarko ne, domin ruwa na hawa kan ragowar kowane wata, ga shi kuma ka faɗa cikin riba da hannunka. Kada ka cire tsabar kuɗi da shi a ATM, don galibi ruwa yana fara hawa tun ranar.

Da banki ya nemi ƙara mini iyakar abin da zan iya kashewa, na ƙi. Har yau kati ɗaya nake riƙewa, kuma ranar da albashi ya shiga nake biyansa, tun kafin in yi cefane.