Me ya sa kocin jami'a ke daɗewa a wuri ɗaya?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da kocin ƙwallon kwando na jami'a a Amurka zai shafe shekaru masu yawa a wuri guda, alhali a NBA, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon kwando, ba wuya an sallami koci. Dubi Mike Krzyzewski na Jami'ar Duke.

Ya yi wasa a makarantar hafsoshin soja ta West Point a hannun koci Bob Knight, daga baya ya horar da ƙungiyar daga 1975 zuwa 1980, sannan Duke ta ɗauke shi. Farkon bai zo da daɗi ba. A kakarsa ta biyu da ta uku, kowace an doke shi sau 17, har magoya baya suka riƙa kiran a kore shi. Hukumar jami'ar ta yi haƙuri da shi, kuma wannan haƙurin ne ya fi burge ni a tarihinsa. Ya ci kofin ƙasa na jami'o'i a 1991, 1992, 2001, 2010 da 2015, ya yi ritaya a 2022 bayan ya ci wasa 1,202.

A jami'a ɗan wasa ba ya daɗewa, 'yan shekaru ne ya tafi. Kocin ne ke zuwa har gida ya zauna da iyayen yaro, ya shawo kansu. Sunansa ne ke jawo yara masu hazaƙa, don haka jami'a ba ta son rabuwa da shi. Shi ma a 2004 ƙungiyar Los Angeles Lakers ta NBA ta neme shi, ya zaɓi ya zauna a Duke.