Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Lissafina Ke Saɓa wa Farashin Kasuwa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin lissafi ne. An koya mana dabarar Black-Scholes ta sa wa kwangilar zaɓi farashi (wato kwangilar da ke ba mutum damar saye ko sayar da hannun jari nan gaba a farashin da aka tsayar, in ya ga dama), amma abin da nake samu ba ya zuwa daidai da na kasuwa. Dabarar ce ba ta da kyau?

Amsa: Ɗan'uwa, dabarar lafiyarta ƙalau, sharuɗɗanta ne kasuwa ba ta cikawa. Da Fischer Black da Myron Scholes suka fitar da ita a 1973, sun ƙaddara cewa za ka iya ciniki kowane lokaci ba tare da biyan la'ada ba, kuma farashin hannun jari ba ya tsalle, wato ba ya yin babban canji farat ɗaya.

A ce ka sayar wa wani damar sayen hannun jari 100 nan da wata uku, a farashin da kuka tsayar yau. Don ka kare kanka, lissafi ya ce ka sayi 50 na wannan hannun jarin ka riƙe. Farashi ya hau, ya ce ƙara 10. Ya sauko, ya ce sayar. Kullum kana saye da tsada kana sayarwa da araha, kuma wannan asarar ce ainihin kuɗin kwangilar. To, ɗora la'adar dillali a kan kowane ciniki. In ka yawaita gyara, la'ada ta cinye ka, in ka yi jinkiri, farashi ya tsere maka. Gaba kura, baya sayaki.

Masanin tattalin arziki Hayne Leland a 1985 ya ba da shawarar a ƙara adadin hawa da saukar farashi a cikin dabarar don ya shanye la'adar. Ni na fi gamsuwa da hanyar Hodges da Neuberger ta 1989: ka shata iyaka sama da ƙasa, kada ka taɓa komai sai abin da ke hannunka ya fita daga cikinta.

Tsalle kuwa ya fi muni. Ranar 19 ga Oktoba 1987, ma'aunin Dow Jones na kasuwar hannun jarin Amurka ya faɗi da kashi 22.6 cikin ɗari a yini guda, babu sukunin gyara. Tun daga nan kwangilolin kariya daga faɗuwa suka fi abin da dabarar ke faɗa tsada.

Saboda haka a irin wannan kasuwa babu farashi ɗaya tilo, tazara ce tsakanin abin da mai saye zai iya biya da abin da mai sayarwa zai yarda ya karɓa. Ka duba ko lambarka ta faɗa cikin tazarar, sannan ka gwada dabarar Merton ta 1976 mai lissafa tsalle.