Ku Tambayi Anti: Wa zan kai wa kukan asibitin unguwarmu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Ina da ciki wata bakwai, na sayi shek sante, takardar da mai ciki ke saya don a kula da ita a asibiti, jaka shida amma duk ranar awo sai mu wuni kan benci tun asuba har azahar, in kika yi tambaya a daka miki tsawa gaban mutane, rannan ma aka ce in ƙara kuɗin magani. Maigida ya ce in haƙura in haihu a gida kawai. Wai mu talakawa ba mu da bakin magana ne? Daga Maman Biyu, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Don Allah kar ki haihu a gida, ki gaya wa maigida ni na roƙa. Jini in ya ɓalle ba ya jiran a nemo moto.

Baki kam kina da shi. Shek ɗin nan da aka fara a 2015 a yankunan Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru ya ɗauki nauyin awo, eko (hoton ciki), haihuwa har tiyata in ta kama, da kula da ke da jariri kwana 42 bayan haihuwa. To duk wanda ya ce ki ƙara kuɗi, ki tambaye shi cikin ladabi na mene ne, ya ba ki resi ya kuma rubuta a karnenki, wato littafinki na asibiti.

Sannan akwai kwamitin lafiya da ake kira COSA, mutanen unguwa ne a ciki tare da ma'aikata, tun tsarin Bamako na 1987, wanda ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi, aka ce jama'a su sa ido kan asibitinsu da kuɗin magani, amma abin da ke ƙona min rai da yawanmu ko wakilinmu ba mu sani ba, sau da yawa maza ne kan kujerun alhali mu ne kan bencin. Ki tambayi jauro, ko mai raba wa yara maganin zazzaɓi da damina, za su nuna miki wakilinku.

Kar ki je ke kaɗai, ki ja matan adashinku. Ku rubuta rana da abin da ya faru, ku nemi abin da zai yiwu gobe: a raba lamba ranar awo, a manna farashi a bango, a ba mace kujera a kwamiti. Ku saurari ungozomar ita ma, wataƙila ita kaɗai ce ta kwana tana karɓar haihuwa, in haka ne ku nemi a ƙaro mata hannu. In shef ɗin asibiti ya share ku, ku kai takardar wajen likita shugaban distrik, ku riƙe kwafi.