Me ya sa zuma ke kumfa a jarka?

Sani, ka ce jarkar zumar da ka kai kasuwar Daura ta kumbura, da ka kwance murfi sai kumfa ya taso da wari mai tsami, har wani direba ya ce kada ka zubar, wai a Habasha magani ce. To, ja benci ka zauna.

Ruwa ne ya yi mata yawa. Zumar da ta nuna, wadda ƙudan ya toshe saƙarta da kaki, ruwan cikinta kashi 17 zuwa 18 ne cikin 100. A haka zaƙin ya fi ƙarfin yis ɗin da ta ɗauko tun daga fure, ba ya iya motsi. Da ruwan ya haura kashi 20, sai yis ya farka ya hau cin sukari, yana fitar da iska da giya. Iskar ce ta kumbura maka jarka. Ko dai an yanke saƙa tun ramukanta na buɗe, ko jarkar ba ta bushe ba bayan wanki, ko an bar ta ba murfi da damina, don zuma tana jan laima daga iska.

Direban nan ba daga kansa ya ƙago ba. Habashawa suna da giyar zuma mai suna tej, suna sa mata wani itace mai ɗaci, gesho, su sha a kwalba mai dogon wuya, kuma a da abin shan sarakuna ne. A Jiahu ta ƙasar Sin an tono tukwane masu shekara kusan 9,000 ɗauke da ragowar haɗin zuma da shinkafa da 'ya'yan itace da ya yi tsami. Mutanen Foland har gobe suna yin tasu. Ko'ina ka je za ka ji ana cewa tana ƙara ƙarfi, tana tsawaita kwana. Ni dai a ganina darajar zuma ce giyar ta ara, don yis ya riga ya cinye rabon mai sha.

Mu kuma an daɗe da yanke mana magana. A zamanin Annabi (SAW) mutanen Yaman suna da irin wannan giyar zuma, bit'u. Nana A'isha ta ruwaito cewa an tambayi Annabi (SAW) a kanta, ya ce duk abin shan da ke sa maye haramun ne. Warakar da Suratun Nahli ta ambata a aya ta 69, ta zumar da ta fito daga cikin ƙudan ce.

Kada ka juye wannan zumar da ta yi tsami a cikin mai kyau don ka rage asara, duka za ta lalata, mai saye kuma da hanci zai gane. In mun je ciro amya, duba saƙar a hasken tocila: wadda rabinta ke buɗe, ware ta a roba daban, wannan ta gida ce, a shanye ta da wuri da kunu.