An yi wa injin jirgi aiki, ko dole in fada wa mai saye?

Tambaya: Malam ina da karamin jirgin ruwa da nake so in sayar, injin ya buga bara na sa aka sauke shi aka canza fistin da ring da boris da gasket, yanzu lafiya lau yake tashi. Dillali ya ce kar in ambaci aikin don kudin zai fadi, kawai in ce "kamar sabo". Ya halatta?

Amsa: Bismillah. Dan uwa sayar da jirgin halal ne, kudin ma ka sa yadda ka ga dama, shari'a ba ta yanka maka farashi ba. Matsalar tana wajen shirun nan da dillali yake so ka yi.

Ai shi ya ba da amsar da bakinsa, tunda ya ce in an fada kudin zai fadi. Ibnu Abi Zaid a cikin Risala ya kawo cewa bai halatta mutum ya boye wani abu game da hajarsa wanda in ya ambata mai saye zai ki ta ko kudinta ya ragu ba. Kuma a hadisin Hakim bin Hizam da Bukhari da Muslim suka ruwaito, masu ciniki in suka yi gaskiya suka bayyana ana sa musu albarka, in suka boye suka yi karya a shafe albarkar.

Za ka ce ai gyara ba aibi ba ne, inji ma ya fi da lafiya. Haka ne, amma injin da aka taba budewa ba daya yake da wanda bai taba bugawa ba a idon masu saye, don ba su san hannun wa ya shiga ba, kaya na asali aka sa ko jabu, kuma bulok din, wato gangar jikin injin, dai tsohon ne, in ya sha ruwan gishiri tsatsar da ta ci shi ta ciki sabon ring ba ya maganinta. Ga shi jirgi ba mota ba ne da in ta mutu za ka faka gefen titi ka kira bakanike.

Sai mitar awoyi, tunda injin jirgi da awa ake kirga aikinsa. In aka mayar da ita sifili ba a fada ba wannan algus ne karara, dan uwan daure hantsar akuya ne don ta yi kamar mai yawan nono, wanda Annabi (SAW) ya ba mai saye zabin mayarwa. Nan ma in ya gano daga baya yana da hakkin dawo maka da jirgi ya karbi kudinsa.

Ka fada masa me ya buga, me aka canza, awa nawa ya yi kafin aiki da bayansa, ka ajiye masa rasit a gaba, in ya zo da bakanikensa a gwada kamfireshan, wato karfin matsin da ke cikin injin, ka bari. Takardun nan ma su ke sa kudin jirgin ya hau, ko da yake ba lallai ka mayar da duk abin da ka kashe ba. Dillalin kuma ka ja masa kunne, wakilinka ne, in ya yi karya da saninka kuna tare a laifin.

Wallahu a'alam.