Game da abokin aikinki da ya mutu a Yukren

'Yar'uwa, na karanta tambayarki sau biyu kafin na iya ɗaukar waya in rubuta. Kin ce wanda kuka yi aiki tare ya ajiye aikinsa ya tafi Yukren a matsayin sojan sa-kai, an kashe shi, kuma duk wanda kika gaya wa sai ya ce "wa ya aike shi?" ko ya kira shi sojan haya, har kin fara jin nauyin ambaton sunansa. Allah ya ba ki haƙuri. Ni ma na sha wannan maganar, har daga bakin waɗanda nake ganin girmansu.

Na yi karatu a birnin Kharkiv na Yukren kafin yaƙin. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi ɗan Jojiya ne, daga garin Gori. Yana da shekara 12 a watan Agustan 2008 lokacin da jiragen Rasha suka yi wa garinsu ruwan bama-bamai, sojoji suka shiga. Yaƙin kwana biyar ne kacal, amma bai taɓa fita daga jikinsa ba. Idan babur ya yi ƙara a titi da dare, sai ka ga ya tashi zaune a kan gado, hannunsa riƙe da takalmi, kafin ma ya farka sosai. Da Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022, mu muka nufi iyaka, shi kuma ya rako mu tashar jirgin ƙasa, ya ɗora mini jakata ta taga saboda ƙofa ba ta shiguwa, ya juya. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. An kashe shi kusa da Bakhmut a cikin hunturun da ya biyo baya.

Don haka abu na farko da zan ce miki, ki nemi sanin dalilin tafiyarsa daga bakin waɗanda suka san shi. Babu mai barin ɗakinsa ya je ya kwanta cikin rami a ƙanƙara haka kawai. 'Yan Jojiya sun fara zuwa tun 2014, har suna da rundunarsu ta daban, domin a ganinsu yaƙi ɗaya ne da nasu. Wasu kuma sun amsa kiran da Shugaba Zelensky ya yi a ƙarshen Fabrairun 2022 na kafa rundunar 'yan ƙasashen waje. Akwai waɗanda kuɗi ya kai su, ba zan musa ba, akwai kuma 'yan Afirka da aka yaudara da alkawarin aiki a Rasha suka tsinci kansu a bakin daga. Kowa da tasa ƙafar, bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

Maganar sojan haya kuwa ta daɗe tana ci mini rai, har na je na karanta dokar da kaina. Sashe na 47 na ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya gindaya sharuɗɗa, kuma sai sun haɗu duka. Daga ciki, dole ya zama neman kuɗi ne ya kai mutum, an yi masa alkawarin abin da ya zarce na sojojin ƙasar masu irin muƙaminsa sosai, sannan ba ya cikin rundunar sojan ƙasar. Wanda ya sa hannu a kwantiragi da sojan Yukren, ya sa kakinsu, yana karɓar albashi irin nasu, soja ne a idon doka. Duk da haka, a watan Yunin 2022 wata kotu ta 'yan awaren da Rasha ke mara wa baya a Donetsk, gabashin Yukren, ta yanke wa 'yan Birtaniya biyu, Aiden Aslin da Shaun Pinner, da ɗan Maroko Brahim Saadoun hukuncin kisa da sunan su sojojin haya ne, alhali suna cikin rundunar sojan Yukren tun kafin mamayar. Sai a watan Satumba aka sako su, da sa bakin Saudiyya. Kin ga kalmar ba ƙaramar aba ba ce, ana iya ɗaukar ran mutum da ita. Ni ba na yarda a jefa wa abokina ita a gabana.

Ba sai kin yarda cewa tafiyarsa daidai ce ba kafin ki yi kewarsa. Ni har yau akwai ranar da nake jin haushinsa, in ce da ya shigo jirgin nan da yanzu yana da iyali.

Abin da ya fi sanyaya mini zuciya shi ne neman mahaifiyarsa. Na daɗe ina jan ƙafa don ban san abin da zan ce ba. Na kira ta ranar cika kwana arba'in, wadda su ma suke taruwa dominta. Da Rashancina mai rauni na ba ta labarin yadda yake dafa wake da gyaɗar waje a tukunya ɗaya tilo da muke da ita, da yadda ya kwana biyu a kujerar asibiti lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni. Ta yi shiru, sannan ta ce in sake faɗa mata na asibitin. Kowa labarin mutuwarsa yake kai mata, ba ta da mai ba ta labarin shekarunsa na Kharkiv sai ni.

Ke ma kina riƙe da wani yanki na rayuwar wannan bawan Allah da iyalinsa ba su gani ba. Ki rubuta musu, ko da layi goma ne. Idan kuma kina da wanda kika sani a Kyiv, a dandalin Maidan akwai fili cike da ƙananan tutoci da ake kafawa don waɗanda suka faɗi, har da na ƙasashen waje. Wata 'yar ajinmu da ta zauna a can ta kafa mini ɗaya ta Jojiya, fara mai jan gicciye, ta rubuta sunansa da shekarun haihuwa da rasuwa. Na tura wa mahaifiyar hoton, kuma duk shekara idan ranar ta zagayo nakan kira ta.